Samma'ar Inna da Kunyar Ɗan Fari

Alhamdu lillahi, Inna tana nan da ranta, tana ji, tana faɗa da kaji. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka ta'aziyya zan rubuta. Labarin jinyar kunnenta zan bayar, don wanda Allah ya jarraba da irinta ya san ramin da ke kan hanya. Ni da ƙafa biyu na faɗa ciki, kuma har yau in na tuna sai in ji fuskata ta ɗauki zafi.

Sunana Usmanu. Malamin firamare ne ni a ƙauyenmu da ke kusa da Wad Haddad, kudu da Khartum, ina kuma noman hawashar da mahaifinmu ya bari, gonar da ke shan ruwan tur'a, wato babbar magudanar ban ruwa. Ni ne ɗan farin Inna. Wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da hakan ke nufi, amma yaran yanzu da Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu sai an yi musu bayani. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta duban idonsa, ba ta amsa masa magana. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, can na girma. In Inna tana son in yi wani abu, sai ta dubi duk wanda ke kusa ta ce, "A hwaɗa ma wancan dawa ta ƙare." Ni ma in ba da amsa ta bakin mutumin. Shekara arba'in da ɗoriya muna haka a gida ɗaya, ba mu taɓa ganin wani abu ya ragu ba. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace.

Damina ce ta kawo ciwon. Shekarar ruwa ya yi yawa, tur'a ta tumbatsa, sauro ya hana kowa zaman magariba a waje. Inna ta kwanta da zazzaɓi. Makon farko jiƙon darbejiya da ruwan tsamiya muka yi ta ba ta, don kowa ya san zazzaɓin damina, yana zuwa yana tafiya. Wannan bai tafi ba. Da ta fara amai tana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa, muka shimfiɗa ta a bayan motar ɗaukar kaya zuwa wani ƙaramin asibiti. Mutum biyu a gado ɗaya, wasu a baranda, ƙarin ruwa rataye jikin ƙusa. Aka sa mata kinin. Ana cikin haka ƙirjinta ya kama, aka ƙara wasu allurai safe da yamma. Ma'aikatan nan sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu, na ga wadda ta wuni tsaye ba ta sa komai a bakinta ba. Amma babu wanda ya ce mana mu kula da kunne. Inna ta ce wa matata Saude tana jin injin ban ruwa yana ta aiki a cikin kanta. Muka yi dariya muka ce ai janaretan asibiti ne. Wanda duk majinyacinsa ya ce yana jin ƙara a kai bayan allura, kada ya yi dariya, ya je ya gaya wa likita a ranar.

Jiki ya dawo, kunne bai dawo ba. Da farko mun ɗauka gajiya ce. Sai muka lura ladan na kira tana zaune, sai ta ga inuwar rumfa ta karkata sannan ta tashi alwala. Muryarta kuma ta ɗaga, don ba ta jin kanta. A gidan wani suna ta sunkuya za ta yi wa Saude raɗa cewa miyar babu gishiri, naman kuma na tsohuwar akuya ne, sai da na ji ta daga wajen maza. Mata suka yi tsit. Ta dubi fuskokinsu ta gane abin da ya faru. Daga ranar ta rage magana, ta rage fita.

Shawara kuwa ba a rasa ta ba, ciwon wani ai kowa likitansa ne. Aka ɗiga mata man riɗi mai ɗumi da tafarnuwa. Aka kawo rubutu ta sha, aka turara mata wani a ƙarƙashin mayafi. Wata maƙwabciya ta rantse da nonon mai jego. Kawu Sale, yayan Inna, wanda shi ne babba a dangi tun rasuwar mahaifinmu, ya ce a yi haƙuri, abin da zazzaɓi ya ɗauka sanyi zai mayar. Sanyi ya zo, bai mayar da komai ba.

Autarmu Balkisu, da ke aure a Jidda, ita ta tayar da maganar samma'a, wato na'urar ji. Ta ce ta ga irin ta zamani a kunnen wata tsohuwa, wadda waya ke shiga cikinta kai tsaye ba tare da igiya ba. Ta ce a kai Inna Wad Madani a auna ta, kuɗi kuma a bar mata. To wa zai kai ta? Saude ta haihu, tana jego. Ƙanena Sani yana can arewa wajen haƙar zinari, ko wayarsa ba a samu. Matan unguwa duk suna yankan dawa. Na ce wa kaina, asibiti ne kawai, likita ce za ta yi magana, ni nawa biyan kuɗin mota. Muka shiga hafla, ƙaramar bas ɗin haya, ita a kujerar baya cikin mata, ni a gaba kusa da direba.

Tun hantsi muke layi a wani asibitin kuɗi, sai bayan azahar aka kira mu. Likitar yarinya ce, ba ta kai Balkisu ba, mai fara'a da saurin magana. Aka sa Inna a wani ɗan ɗaki, aka nuna mata da hannu ta danna abu in ta ji ƙara. Ta yi yadda aka ce. Likitar ta dubi takardar da injin ya fitar ta faɗi maganar da na riƙe: jijiyar ta gaji, amma ba ta mutu ba. Allurar da ta ceci ranta ita ta ci kunnen. Samma'a za ta yi aiki.

Sai ta ce Inna ta zame mayafi, ni kuma in riƙe mata kunnen. Ni da rabon hannuna da jikin Inna tun ban san kaina ba. Na tsaya ina karanta kalandar bango kamar za a yi mini jarrabawa a kanta. Likitar ta dube ni, ta sa mata samma'ar gwaji da kanta. Ta yi wa Inna magana da Larabci, Inna ta yamutsa fuska tana duban fanka. Likitar ta ce ba komai, kunnen da ya daɗe shiru komai hayaniya ne a gare shi, Larabcin Inna kuma na kasuwa ne. Ta ɗauko wani abu kamar laya ta rataya mata a wuya, ta ce shi ne ke haɗa samma'ar da waya ta bulutus. Ta kuma ɗauko wani ɗan makirfo bai kai akwatin ashana ba. Duk wanda ya maƙala shi a wuyan riga, muryarsa za ta tafi cikin kunnen Inna kai tsaye, ko da bango a tsakani, ko ana tsakiyar kasuwa.

"Ya ustaz," in ji ta, "maƙala, ka fita baranda ka rufe ƙofa. Yi mata magana da harshenku. Muryar ɗa ita ce gwaji na gaskiya. Tambaye ta sunanta, tambaye ta abin da ta ci da safe."

Na fita. Na tsaya a baranda, mutane na wucewa, na sunkuyar da kai ga wuyan jallabiyata. Ni da nake wuni ina daka wa yara tsawa a aji, sai ga ni ina ta gyara zaman makirfon. Da ƙyar na ce, "Inna, ina wuni." Na jira. Na ce, "Inna, ni ne. Kina ji na?" Na ƙara da tambayoyin da aka ce in yi. Da na koma ciki, Inna tana zaune kamar an dasa ta, idonta a ƙasa, hawaye na bin kuncinta. Ko motsi ba ta yi ba.

Likitar ta ƙara ƙarfin na'urar, na sake fita, na sake dawowa, duk ɗaya. Sai ta karɓi makirfon ta maƙala a rigarta, ta durƙusa gaban Inna, ta nuna ni da yatsa, ta tambaya a hankali, kalma ɗaya-ɗaya: "Ya hajja, wannan wane ne? Mene ne sunansa?"

Inna ta juyar da fuskarta bango.

Magana ɗaya ce za ta warware komai, kuma tana bakina. Amma yaya zan buɗe baki in ce wa baƙuwar yarinya ni ɗan fari ne, a gaban Inna, na'ura kuma tana kunnenta? Ga wata kunyar kuma ta biyu, wadda ta fi ta farko muni: kada likitar birni ta ce ga malamin makaranta guda da al'adar ƙauye. Kunya biyu suka haɗu suka ɗaure mini harshe. Likitar ta cire na'urar a hankali, ta ja ni gefe. Ta ce injin ya nuna sautin yana shiga, amma tsohuwar ba ta amsawa, tana kuka ba dalili, ba ta ma san sunan ɗanta ba. Matsalar ta wuce kunne. Kada mu ɓata kuɗi yanzu, mu kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa a Khartum. Ta faɗi kalmar: kharaf, gigin tsufa.

Da muka iso gida Kawu na zaune a rumfa da wasu dattawa. Ya ce, "Mi likita tac ce?" Na faɗi kalmar kamar yadda aka faɗa mini. Ban ƙara komai ba. Kafin isha'i ta gama ƙauyen.

Na ga abin da kalma ɗaya ke yi wa mutum. Inna na riƙe da jaririn Saude, wata mai zuwa barka ta zo ta zare shi daga hannunta tana murmushi. Aka hana ta zuwa kusa da murhu. Matar da ake aiko wa a tambaye ta ranar shuka da maganin ciwon ciki, yanzu ana magana a kanta tana zaune, ana nuna ta da leɓe. Ba ta ji, amma ba makauniya ba ce. Ta koma ɗaki, ta riƙa zama a kan gado fuskarta na duban bango, kisra, wainar dawar da aka kawo mata, ta bushe a gabanta. Masu leƙowa suka ce, to ga shi nan, likita ba ta yi ƙarya ba. Kawu ya ce Khartum nisa da tsada, in an gama girbi za a kai ta masidin wani shehi a hayin kogi, inda ake ajiye masu taɓin hankali ana yi musu addu'a. Na san wurin. Na san waɗanda aka kai ba duka suke dawowa ba. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "A ɗan dakata, Kawu." Ya ce a dakata wa me. Mafi ciwo, da kwanaki suka yi nisa ni ma na fara cewa a raina, wataƙila dai likitar ce da gaskiya, don hakan ya fi mini sauƙin ɗauka.

Goggo Ladi ce ta zo daga Suki, da busasshen kifi da ayaba a ƙullin zane. 'Yar kawun Inna ce, taubashiyarta, tun suna yara ba sa haɗuwa ba a yi zage-zage ba. Ta shiga ɗakin ta daɗe. Ina tsakar gida na jiyo abin da na manta da shi, dariyar Inna. Goggo ta fito tana gyara ɗaurin zane, ta tsaya a kaina.

"Wagga ba ta da kharaf ko na anini. Na kwaikwayi tahiyar mijina da ƙahwa, ta gane shi, har ta tuna man bashin turmin da nic ci mata. Can asibitin, wa yay yi mata magana?"

Na ce, "Ni ne, Goggo."

"Kai wa?"

Na nuna ƙirjina da yatsa.

"Kai da kanka? Ɗan hwari?" Ta tafa hannu ta yi salati. "Kuma sunka tambaye ta sunanka, ko? Kana tsaye? Ba ka ce uffan ba? Usmanu, karatun nan naka da jaki anka ba, da ya hi ka amhwani da shi."

Saude na jin mu daga ƙofar ɗaki, da yaro a kafaɗa. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Goggo ba ta tsaya ba, ta wuce gidan Kawu. Shi kuma dattijo ba ya son a ce ya yi gaggawa. Ya ce ya ji, zancen kunya gaskiya ne, amma zaman duban bango fa, shi ma kunya ce? A koma Madani in ana so. Maganar masidi tana nan sai ya gani da idonsa.

Muka koma mu uku. Wani layin, wani wunin. Da aka sa wa Inna na'urar, Goggo ta fizge makirfon tun ba a miƙa mata ba, ta maƙala a bakin mayafi, ta fita baranda ta ja ƙofa. Ba mu ji abin da ta ce ba, daga baya ta gaya mana: cewa ta yi ta sayar da tunkiyar Inna ta sha jabana, gahawar nan tamu, da kuɗin. Mu dai mun ga Inna ta zabura, ta dubi hagu da dama, ta ɗaga murya har wata ma'aikaciya da ke ɗakin ta saki abin da ke hannunta.

"Ɓarauniya! Ladi, in kin taɓa man tunkiya sai na kai ki gaban alƙali! Halin gidanku na, tun kakanku!"

Likitar ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta sa Goggo ta tambaye ta sunayen 'ya'yanta. Inna ta ce Sani, ta ce Balkisu, ta ja bakinta ta rufe. Nan Goggo ta zauna ta yi wa likitar bayani da Larabcinta na Suki, tana nuna ni da haɓa kamar buhun da aka ajiye. Dariyar likitar ta ɗauke. Ta juyo ta ce, "Ya ustaz, me ya sa ba ka gaya mini ba?" Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. Sai ta tashi ta sumbaci kan Inna ta ce a yafe mata. Na gode wa yarinyar nan har gobe. Laifin da ba nata ba ta ɗauka, mai laifin yana tsaye yana duban takalminsa.

Abin da Balkisu ta aiko bai isa ba, na haɗa da ɗan maraƙin da nake kiwo. Aka auna ramin kunnen, muka sake dawowa karɓa. Kada wanda zai saya ya ɗauka ranar da aka sa ranar aka warke. Makon farko Inna cire ta take yi tana tura ta ƙarƙashin matashi, wai zakara na cara a cikin ƙwaƙwalwarta, tabarya kuma kamar a kanta ake daka. Likita ta ce a riƙa sawa kaɗan-kaɗan ana ƙarawa. Baturanta ƙanana ne kamar ƙwayar wake, ba a samun su sai Madani, zafi da gumi kuma na cinye su, don haka duk mai zuwa birni sai mun ba shi saƙo. Da dare a ajiye ta cikin gwangwaninta na busarwa. Layar wuya da makirfo caji suke so, wutarmu kuwa sai ta ga dama, sai a kai shagon mai cajin waya. Wani lokaci wayar da layar su ɓata da juna, sai an kashe duka an kunna, an danna maɓalli har fitila ta yi shuɗi. Mata suka raɗa wa makirfon suna ɗan aike. Sai a kula a kashe shi in an gama magana. Goggo ta shiga bayan gida da shi ba ta kashe ba, abin da Inna ta yi mata a kai ba zai rubutu ba.

Ranar da Balkisu ta fara kira muryarta ta sauka cikin kunnuwan Inna biyu, sai da Inna ta leƙa bayan ƙofa tana nemanta. Daga nan ta saba. Wayar na kan taga, ita tana tsakar gida tana tsince wake, tana hira da Jidda hannu sake. Mu abin ya yi mana daɗi, ba mu hango inda zai kai mu ba. Wata mata ta shigo aron rariya, ta tarar da Inna ita kaɗai tana magana da iska, tana dariya, tana cewa a gaishe da yara. Ko rariyar ba ta tsaya ɗauka ba. Kafin la'asar Kawu ya ji cewa abin ya ci gaba, yanzu har da waɗanda ba a gani take zance. Na je na yi masa bayanin bulutus, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kai kac ce kharaf, yanzu kai ka cewa ba kharaf ba. Wace zan ɗauka?" Da ya zo duba ta kuwa, Inna da ta riga ta ji wanda ya yanke maganar masidi, ta ƙi ko ɗaga kai ta dube shi. Ya fita yana girgiza kai.

Goggo ta fara haɗa kayanta, gidanta ma na jiranta. Likita ta ce lallai kullum Inna ta saurari magana mai tsawo daga murya ɗaya, don kunne ya koyi aikinsa. Saude na fama da jariri. Kowa ya san wanda ya rage, ba wanda ya faɗa. Ina bayan zana ina gyaran ƙotar fartanya na ji Goggo ta tambaye ta, ran nan na farko a asibiti, ta ji ni ko ba ta ji ba. Inna har yanzu ba ta iya raɗa ba.

"Na ji shi sarai. Kamar a cikin kaina yake tsaye. Muryar ubanshi gare shi, Ladi, ban taɓa sani ba, ban taɓa jin ta kusa haka ba."

"To don mi ba ki ko ɗaga hannu ba? Kin ga abin da yaj jawo miki."

"Gara su ce na haukace da su ce ni Hauwa na amsa ma ɗan hwari gaban baƙi."

Na ajiye fartanyar. Can na ji ta ƙara da cewa, "A hwaɗa mai, in za shi karatu bayan la'asar, shi maƙala ɗan aiken. Ba da ni za shi magana ba. Karatunai za shi yi." Goggo ta ce, "Ɗiyar malam ba ta rasa dabara." Ta zagayo ta miƙo mini makirfon ta saman zana.

Haka muka fara. In na dawo daga masallaci sai in zauna a zaure, in maƙala shi, in yi karatuna da ka kamar yadda na saba. Ita tana ɗakinta, tsakar gida na tsakaninmu. Ban san ko tana saurare ba, ba kuma wanda zan tambaya.

Ga wanda ya karanta har nan, abin da zan roƙe shi kaɗan ne. In za ka kai tsoho asibiti, ka tafi da wanda yake iya amsa wa. In likita ba ta san al'adarku ba, ka faɗa mata, ba a haife ta a gidanku ba. Kunyar minti ɗaya da na ƙi haɗiyewa, Inna ce ta biya ta da watanni.

An gama girbi, rannan ina cikin karatu Kawu ya yi sallama. Na ga motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar gida, direban bai kashe ta ba. Na san abin da ya kawo shi. Ya yi mini alama in ƙarasa, ya zauna a bakin tabarma yana jan carbi. Na ci gaba, amma hankalina na kan motar, ina neman abin da zan ce masa wanda ban riga na faɗa ba. Bakina na tafiya, zuciyata na wani wuri.

Sai murya ta taso daga cikin gida, ta ƙetare tsakar gida, ta shigo zaure da ƙarfinta. Inna ce. Ba ta kira kowa ba. Aya ta karanto, cikakkiya, da irin jan da tsofaffin ƙauyenmu ke yi, ta tsaya.

Na yi shiru. Carbin Kawu ya tsaya a hannunsa. Na ga leɓensa na motsi, yana bin surar daga sama, har ya iso wurin. Ashe na tsallake aya ban sani ba.

"Ita ad da gaskiya," in ji shi. "Ni ma ta wuce ni." Ya daɗe yana duban ƙofar cikin gida. Sannan ya leƙa waje ya ɗaga wa direban hannu ya tafi, ya dawo ya zauna, ya share ido da bakin rawani. "Mi kaka jira? Koma baya."

Na koma baya. Na kawo ayar a wurinta, na wuce ta gaba. Daga can cikin ɗaki, ba da kowa ba, na ji Inna ta ce, "Yawwa."